Mayar da Kadara Hannun Ƙaramin Kamfani a Amurka: Jagoran Ƙa'idojin Haraji Mataki-mataki

Yawancin masu ƙananan sana'o'i a Amurka da sunansu suke farawa. Mai motar dakon kaya da mai shagon kayan abinci da mai gyaran gidaje duk sukan sayi kayan aiki da kuɗin aljihunsu ko da bashin banki, sai sana'a ta kankama sannan akanta ko lauya ya ba da shawarar a yi rajistar kamfani. Daga nan sai a fara maganar yadda za a mayar da motar da injinan, wani lokaci har da ginin da ake sana'ar a ciki, su koma mallakin kamfanin. A idon dokar haraji ta tarayya, kamfanin hannun jari daban yake da mai shi, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya mallake shi gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya ba kamfani mota ya karɓi hannun jari musaya ya yi, ita kuwa musaya hukuncinta ɗaya da na sayarwa, wato idan darajar abin da aka karɓa ta fi abin da aka kashe, riba ce, kuma hukumar tara haraji ta IRS tana da rabo a ciki.

Sashe na 351 na kundin harajin cikin gida na Amurka shi ne ya ɗage wannan hukunci ga wanda ya cika sharuɗɗansa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne sashen jinkirta haraji yake yi, ba yafe shi yake yi ba. Ribar da ba a biya wa haraji yau ba tana nan maƙale a jikin hannun jarin da ka karɓa, tana kuma maƙale a jikin kadarar da ke hannun kamfanin, har ranar da aka sayar da ɗaya daga cikinsu.

Mataki na farko: lissafa kowace kadara da adadi uku

Kafin a cika kowane fom, a zauna a rubuta kowace kadara da ake son mayarwa, a gaban kowacce a sa adadi uku. Na farko shi ne darajarta a kasuwa a yau. Na biyu shi ne bashin da ke kanta. Na uku, wanda duk lissafin ya rataya a kansa, shi ne kuɗin asali, wato abin da aka saye ta, a haɗa da abin da aka kashe wajen inganta ta, sannan a debe duk ragin tsufa, wato kason kuɗin kadara da ake cirewa daga haraji saboda tsufanta, da aka riga aka cire a shekarun baya.

A ɗauka mutum ya sayi motar dako a kan dala 60,000, ya kuma riga ya cire dala 45,000 na ragin tsufa a takardun harajinsa. Kuɗin asalinta yanzu dala 15,000 ne, ko da kuwa za ta yi dala 35,000 a kasuwa. Da sayar da ita ya yi, da dala 20,000 ce ribarsa. Idan ya mayar da ita kamfani ƙarƙashin sashe na 351, ba zai biya komai a shekarar ba, sai dai hannun jarinsa zai ɗauki kuɗin asali na dala 15,000, kamfanin ma da wannan adadi zai ci gaba da lissafin motar. Mutane da yawa sukan zaci kamfanin zai fara cire ragin tsufa daga dala 35,000 kamar sabon saye ne, alhali ba haka ba ne. Daga inda mai ita ya tsaya kamfanin yake ɗorawa.

Ga gini ko fili ko wani inji mai tsada, ya kamata a ɗauki ƙwararren mai ƙiyasin daraja ya ba da rahoto a rubuce, musamman idan masu shiga kamfanin sun fi mutum ɗaya, domin da wannan ƙiyasi za a raba hannun jari a tsakaninsu.

Mataki na biyu: zaɓar rukunin kamfani

Rajistar kamfani aikin jiha ne, harajin da ake magana a nan kuwa na tarayya ne. Bayan rajista sai a nemi lambar shaidar haraji ta kamfanin da fom na SS-4. Duk kamfanin hannun jari da bai nemi wani matsayi ba yana rukunin C, wanda ke biyan harajin kashi 21 cikin 100 a kan ribarsa tun daga 2018, sannan masu hannun jari su sake biya idan an raba musu riba. Rukunin S shi ne wanda doka ta keɓe wa ƙananan kamfanoni, inda kamfanin kansa galibi ba ya biyan harajin riba na tarayya, sai a raba ribar ko asarar a kan masu hannun jari kowa ya shigar da rabonsa a takardarsa.

Shiga rukunin S yana da sharuɗɗa. Masu hannun jari kada su wuce 100, kuma hannun jarin ya zama nau'i ɗaya ta fuskar rabon riba da rabon dukiya, ko da wani yana da ƙuri'a wani ba shi da ita. Sharaɗin da ya fi shafar waɗanda suka zo daga ƙasashenmu shi ne baƙon da ba mazaunin Amurka ba a ma'aunin haraji ba zai riƙe ko da hannun jari ɗaya ba. Mai katin zama na dindindin ya halatta, haka ma wanda yawan kwanakinsa a ƙasar ya mayar da shi mazauni. Amma ɗan'uwan da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, wanda wataƙila shi ya turo kuɗin da aka fara sana'ar, idan aka rubuta masa hannun jari don kyautatawa, matsayin S ya rushe daga ranar. Akwai ma wani tarko a jihohin da doka ta ɗauki dukiyar da aka samu cikin aure a matsayin ta miji da mata tare, irin su Teksas da Kalifoniya, domin matar da ke zaune a gida ba ta taɓa zama a Amurka ba za ta iya zama mai rabo a hannun jarin ta hanyar dokar jiha, hakan kuma yana iya hana kamfanin cancanta. Wanda ke cikin irin wannan hali ya kai maganar gaban lauya tun kafin a raba hannun jari.

Ana neman matsayin da fom na 2553, wanda duk masu hannun jari za su sa wa hannu, cikin wata biyu da kwana 15 daga farkon shekarar harajin da ake son ya fara aiki. Ga sabon kamfani, shekarar tana farawa ne daga ranar da ya fara samun masu hannun jari, ko ya mallaki kadara, ko ya fara aiki, duk wanda ya riga. Ke nan ranar da aka mayar da motar tana iya zama ranar da wa'adin ya fara tafiya.

Mataki na uku: cika sharuɗɗan sashe na 351

Sharuɗɗan uku ne. Abin da aka ba kamfani ya zama kadara, abin da aka karɓa ya zama hannun jari, kuma da zarar an gama musayar, waɗanda suka ba da kadarar su kasance suna riƙe da aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ƙuri'a, da kashi 80 cikin 100 na hannun jarin da ba shi da ƙuri'a idan akwai shi. Tsabar kuɗi da mota da gini da kayan shago da haƙƙin ƙirƙira duk kadara ne. Aiki ba kadara ba ne, kuma a nan ne tarayyar abokai ta fi samun matsala.

A ce mutum biyu sun haɗu. Na farko ya kawo injina masu darajar dala 70,000 waɗanda kuɗin asalinsu dala 20,000 ne, ya karɓi kashi 70. Na biyu ba shi da kuɗi, sai gwanintarsa da alkawarin gudanar da shago, ya karɓi kashi 30. Tunda ba a ƙirga hannun jarin mai aiki, masu kadara kashi 70 kawai suke riƙe da shi, sharaɗin kashi 80 bai cika ba. Sakamakon haka mai injina zai biya haraji a kan ribar dala 50,000 alhali ko sisi bai shiga hannunsa ba, mai aiki kuma za a ɗauki darajar hannun jarinsa a matsayin ladan aiki, a caje shi haraji kamar albashi. Hanyar gyara ita ce mai aikin shi ma ya kawo kadara ta gaske. Ma'aunin da IRS ta fitar a 1977 shi ne darajar abin da ya kawo ta kai aƙalla kashi 10 cikin 100 na darajar hannun jarin da ya karɓa don aiki, wato dala 3,000 a wannan misali. Idan ya yi haka, duk hannun jarinsa zai shiga ƙirgen kashi 80, mai injina ya tsira, amma shi harajin ladan aikinsa yana nan bai faɗi ba.

Haka kuma kada a ƙulla yarjejeniyar sayar da hannun jari ga wani tun kafin musayar. Wanda ya karɓi kashi 100 da safe, alhali ya riga ya sa hannu cewa zai miƙa kashi 40 ga wani mai saye, kotunan haraji ba sa ɗaukarsa a matsayin wanda ke riƙe da kamfanin.

Mataki na huɗu: ciko

Idan ban da hannun jari mutum ya karɓi wani abu daga kamfanin, ko kuɗi ko wata kadara ko takardar alkawarin biyan bashi, wannan ciko ne, kuma ana biyan haraji a kan ribar gwargwadon cikon. Mai kadarar da ta kai dala 100,000 a kasuwa, kuɗin asalinta dala 40,000, idan ya karɓi hannun jarin dala 85,000 da tsabar kuɗi dala 15,000, zai biya haraji a kan dala 15,000, sauran dala 45,000 na ribar su ci gaba da jira. Kuɗin asalin hannun jarinsa zai tsaya a dala 40,000, na kadarar a littafin kamfani kuma ya hau zuwa dala 55,000. Ciko ba ya buɗe hanyar cire asara. Wanda kadararsa ta faɗi ƙasa da kuɗin asalinta ba zai cire asarar ba, kuma tun 2004 doka ta hana kamfanin ɗaukar kuɗin asalin da ya zarce darajar kasuwa, sai fa idan ɓangarorin biyu sun zaɓi a rage na hannun jarin a maimakon haka. Irin wannan kadara sau da yawa gara a sayar wa bare a cire asarar, a shigar da kuɗin cikin kamfani. Sayar wa kamfanin kanka ba zai yi ba, domin sashe na 267 ya hana cire asara a cinikin da mutum ya yi da kamfanin da yake da fiye da rabinsa.

Mataki na biyar: auna bashi da kuɗin asali

A nan ne aka fi yin kuskure mai tsada, don haka ya kamata a natsu. Ƙa'idar gama-gari a sashe na 357 ita ce idan kamfani ya ɗauki bashin da ke kan kadara, ba a ɗaukar hakan a matsayin ciko, sai dai a rage kuɗin asalin hannun jari daidai da bashin. Amma idan jimillar bashin da kamfani ya ɗauke wa mutum ta zarce jimillar kuɗin asalin duk abin da ya kawo, abin da ya haura riba ce da za a biya wa haraji a shekarar.

Ga gini mai darajar dala 400,000, kuɗin asalinsa ya sauko zuwa dala 150,000 bayan shekaru ana cire ragin tsufa, bashin jingina kuma saura dala 220,000. Ranar da aka mayar da shi kamfani, mai shi ya samu ribar dala 70,000 a idon IRS, kuɗin asalin hannun jarinsa kuma ya koma sifili. Masu motocin dako sukan faɗa wannan hali, domin da yawa sukan sayi mota da bashi su cire duk kuɗinta daga haraji a shekarar farko ƙarƙashin sashe na 179. Motar ba ta da sauran kuɗin asali, amma banki yana bin dala 40,000. Da zarar ta koma kamfani da bashinta, dala 40,000 ɗin nan sun zama riba, kuma tunda daga ragin tsufa suka samo asali, a farashin harajin kuɗin shiga na yau da kullum za a caje su, ba a rangwamen da ake yi wa ribar jari ba.

Tunda ana haɗa duk abin da mutum ɗaya ya kawo ne a auna, mafita mafi tsafta ita ce ya ƙara tsabar kuɗi ko wata kadara mai kuɗin asali da yawa har a cike giɓin, ko ya rage bashin kafin ranar musaya, ko kuma ya bar wannan kadara a wajen kamfani. Tsaya wa kamfani a matsayin mai lamuni ba ya magance matsalar. Wasu sukan rubuta wa kamfanin takardar alkawarin biyan kuɗi daidai da giɓin, suna dogaro da hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya shiyya ta tara ta yanke a shari'ar Peracchi a 1998, inda ta amince da wannan dabara. A ganina ƙaramin ɗan kasuwa bai kamata ya jingina da ita ba, domin matsayin IRS shi ne irin wannan takarda ba ta da kuɗin asali, kuma kuɗin shari'a zai iya fin harajin da ake gudu.

Akwai kuma dabarar da doka ta toshe tun tuni, wato mutum ya ci bashi a kan gini ana gobe musaya, ya sa kuɗin a aljihu, ya bar wa kamfani biya. Idan aka gano manufar ita ce kauce wa haraji, ko babu wani dalilin kasuwanci na gaskiya, to duk bashin da kamfani ya ɗauka, har da halattaccen, ya zama ciko. Saboda haka bashin gida da na katin banki na kashin kai kada su bi kayan sana'a zuwa cikin kamfani.

Mataki na shida: tunanin ranar fita

Kafin a sa hannu a kan gini ko fili, a tambayi yadda za a fito da shi. Sashe na 351 ya sauƙaƙa shiga, amma babu makamancinsa a wajen fita. Ƙarƙashin sashe na 311, idan kamfani ya mayar wa mai hannun jari kadarar da darajarta ta hau, ana ɗauka kamar ya sayar da ita a farashin kasuwa. A rukunin C kamfanin zai biya kashi 21 cikin 100 a kan ribar, mai karɓa ya sake biya a kan rabon da ya samu. A rukunin S sau ɗaya ake biya, amma ana biya ɗin, ba tare da an sayar da komai ba. Batun gado ma yana ciki, domin ginin da mutum ya rasu yana riƙe da shi da sunansa, kuɗin asalinsa yakan koma darajar kasuwa ta ranar rasuwa a hannun magada, alhali idan yana cikin kamfani hannun jarin ne kawai ke samun wannan gyara, ginin ya ci gaba da tsohon adadinsa.

Wannan ne ya sa akantoci da yawa suke ba da shawarar a bar gini da sunan mai shi, ko a wani kamfani daban na nau'in LLC, wato mai iyakantaccen alhaki, da bai zaɓi a caje shi a matsayin rukunin C ko S ba, sannan a ba kamfanin sana'a haya a rubuce a kan farashin da ya dace da kasuwa. Gidan da mutum yake zaune a ciki kuwa bai kamata ya shiga kamfani ba ko kaɗan, domin rangwamen ribar sayar da gidan zama, wanda ya kai dala 250,000 ga mutum ɗaya da dala 500,000 ga ma'aurata, kamfani ba ya samunsa.

Mataki na bakwai: takardu

A rubuta yarjejeniyar musaya da ke nuna kowace kadara da darajarta da kuɗin asalinta da bashinta da yawan hannun jarin da aka bayar, shugabannin kamfani su amince da ita a rubuce, a kuma shigar da hannun jarin a littafinsa. A sauya sunan mai mota a ofishin rajistar motoci na jiha, a yi sabuwar takardar mallakar gini a kai ta ofishin gunduma, a kuma sanar da kamfanin inshora. Idan akwai bashin jingina, a nemi izinin banki a rubuce tukuna, domin yawancin yarjejeniyoyin jingina sun ba banki damar neman duk kuɗinsa nan take idan mallaka ta sauya. Jihohi da wasu birane suna da nasu harajin sauya mallakar gini, kuma sashe na 351 bai shafe shi ba, don haka a bincika dokar jihar daban.

A shekarar musayar, duk wanda ya riƙe kashi 1 cikin 100 ko fiye na kamfanin da ba a cinikin hannun jarinsa a kasuwa dole ya haɗa wa takardar harajinsa bayanin musayar, mai ɗauke da sunan kamfani da lambarsa da ranar musaya da darajar kadarorin da kuɗin asalinsu. Kamfanin ma yana haɗa nasa bayanin a fom na 1120 ko 1120-S. Waɗannan takardu a adana su muddin hannun jarin ko kadarar suna hannu, saboda bayan shekara goma ko ashirin su ne za su tabbatar da kuɗin asali.

Rubuta abin da kowa ya kawo yana da wani amfani idan sana'a ta karye. Sashe na 1244 ya ba wanda ya karɓi hannun jari kai tsaye daga ƙaramin kamfani, a madadin kuɗi ko kadara, damar cire asararsa daga kuɗin shigarsa na yau da kullum har dala 50,000 a shekara, ko dala 100,000 ga ma'auratan da ke haɗa takarda, muddin jarin da kamfanin ya tara bai wuce dala miliyan 1 ba a lokacin da aka ba da hannun jarin. Hannun jarin da aka samu ta hanyar aiki, ko aka saya daga hannun wani, ba ya cikin wannan sassauci.

Duk abin da aka faɗa ya shafi kamfanin da aka yi wa rajista a Amurka ne. Mazaunin Amurka da ke son mayar da kadara ga kamfanin da ya yi wa rajista a Abuja ko Yamai ko Akara ya shiga hurumin sashe na 367, wanda galibi yake cire kariyar sashe na 351 ya sa a biya haraji a kan ribar tun a shekarar, tare da wajibcin cika fom na 926. Idan kuma ɗan'uwan da ke gida ne zai riƙe kashi 25 cikin 100 ko fiye na kamfanin rukunin C a Amurka, kamfanin zai riƙa cika fom na 5472 a kan hada-hadar da ke tsakaninsu, kuma tarar rashin cika shi dala 25,000 ce.